Tambaya da Amsa: Kaduna ta buga wa Arewa jaridu, to ina ta unguwarmu?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo da yawansu a kan abu ɗaya suke, wato jaridun mako-mako na gari, shi ya sa na ware guda huɗu na haɗa su wuri guda. Masu tambaya kan gado da rikicin haya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ina karantar aikin jarida a poli, malaminmu ya ba mu aiki wai mu yi rubutu a kan jaridun mako na gari da yadda suke bazuwa a ƙasa, to na duba na duba duk abin da nake gani a intanet na Amurka ne da Ingila, wai kowane ɗan ƙaramin gari da jaridarsa, shi ne nake tambaya mu nan Arewa mun taɓa yin irin wannan kuwa ko dai abin na Turawa ne kawai, in kuma mun taɓa to ina suka shige, don ni dai tunda na taso ban taɓa ganin jaridar da ta damu da unguwarmu ba sai in an yi tashin hankali. Daga ɗalibinka a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Mun taɓa yi mana, kuma ba da nisa da kai aka yi ba, nan Zariya ne. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam ne editanta, yana aiki tare da Bature Rupert East, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur da injinan ɗab'i, daga nan Zariya ta zama cibiyar buga duk wani abin karantawa a Arewa, jirgin ƙasa yana kwasa yana rabawa Kano, Gusau, Jos, Minna da sauran tashoshi.

Amma Gaskiya ta Arewa ce baki ɗaya, abin da malaminku yake nema ya fi kusa da wanda ya biyo baya a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci. Manya sun shiga aji sun iya haɗa baƙi, to sai me za su karanta? Shi ne NORLA, hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa da ke Zariya, ta riƙa fitar da ƙananan jaridu, kusan kowane lardi da tasa. Sakkwato Zaruma, Katsina Himma, Kano Sodangi, Zazzau Bazazzaga, Bauchi Zumunta, Barno Albishir, Adamawa Ardo. Ka ga in za ka zana taswira a takardarka to ga ta nan, taswirar larduna ce sak, kowace jarida ta tsaya inda iyakar lardinta ta tsaya. Kuma nan ne rauninsu yake, domin kuɗin hukuma ne ya haife su ba kuɗin mai karatu ko mai talla ba, da aka rushe NORLA a 1959 sai abin ya bi ruwa sannu a hankali.

Yanzu zo mu dawo garinmu, don a nan abin mamakin yake. Kaduna ce hedikwatar Jihar Arewa a lokacin, saboda haka da aka tashi yin babbar jarida nan aka kawo ta, New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966, mako biyu kacal kafin a kashe Sardauna, ita ta gaji Nigerian Citizen da ake bugawa a Zariya tun 1948, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ma ta dawo ƙarƙashin kamfaninta. Su Malam Adamu Ciroma da Malam Mamman Daura duk sun riƙe ta a matsayin edita, zamanin da in ta yi sharhi a shafin farko sai an karanta shi a barikin Dodan, fadar gwamnatin soja a Legas. Bayanta ga The Democrat, ga Today, ga The Reporter, ga mujallun Hotline da Citizen, har Weekly Trust da ta fara a 1998 a nan Kaduna ta fara, tana fitowa mako-mako. Ba garin da ya kai mu injin buga jarida da gwanayen alƙalami a Arewa a wancan lokacin. To amma ka tambayi kanka wa suke rubuta wa? Babban sakatare, janar na soja, minista, malamin jami'a. Aikinsu shi ne su tsaya wa Arewa a gaban jaridun Legas da Ibadan, idonsu na can waje, ba wanda ya ɗauki ɗan rahoto ya ce kai aikinka Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi, ka je ka ji me ya hana ruwan famfo zuwa. Ba wai sun ƙi ku ba ne, ba don ku aka gina su ba tun farko. Ni a ganina wannan shi ne jigon da ya kamata ka riƙe a rubutunka: jarida tana zama ne inda mai biyan kuɗinta yake, kuma tana kallon inda yake kallo.

Ka gwada wannan ma'aunin da sauran za ka ga ya hau. Da aka yanka jihohi daga 1967 sai kowace gwamnati ta so tata, Jos ta samu Nigerian Standard, Ilori ta samu Herald, Kano ta samu Triumph a 1980 zamanin Abubakar Rimi tare da Albishir ta boko da Alfijir ta ajami, duk suna zaune a babban birnin jiha kusa da gidan gwamnati. Da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disambar 1991 sai talla ta bi ta, jaridu suka bi talla, kamfanin Trust ma da ya fara Daily Trust a 2001 can ya koma, daga can yake fitar da Aminiya tun 2006. Wadda ta kauce wa wannan layi ita ce irin Al-Mizan ta Zariya, ita kuma ba gari take bi ba, jama'ar da suka haɗu kan fahimta ɗaya take bi duk inda suke.

Batun Amurka kuma kar ka ɗauka son karatu ne kawai ya sa. Dokokin jihohinsu sun tilasta wa ƙananan hukumomi da kotuna su buga sanarwarsu a jaridar yankin, gwanjon gida ne, kwangila ce, zaman majalisa ne, kuma biya suke, ga tallar masu shagunan garin, ga gidan waya da ke kai wa mutum har ƙofar gida. Duk da haka su ma abin yana zubewa, daga 2005 zuwa yau sama da jaridu 3,000 sun rufe a can, mafi yawansu na mako ne, akwai gundumomi fiye da 200 da ba su da ko guda. Ka sa wannan a takardarka don kar ta zama ta kukan mu kaɗai aka bari a baya.

TAMBAYA: Malam ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, na yi shekaru ina sayen Gaskiya in an yi albashi har a kan karɓa a hannuna a zagaya da ita sai ta yi laushi. Amma tsakani da Allah yanzu meye amfanin jaridar mako? Abu in ya faru da safe kafin azahar na ji a rediyo, jikokina sun nuna min hotonsa a waya, wa zai jira sati guda a ba shi labarin da ya riga ya huce? Daga Kakuri.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiyarku ce, in dai tseren wa ya fara faɗa ne to jaridar mako ta sha kashi tun kafin a haifi jikokin naku, domin gidan Rediyon Kaduna tun 1962 yake wannan aiki, yanzu kuma ga KSMC ga Nagarta ga Alheri ga Liberty ga Freedom, ga Facebook da WhatsApp a aljihun kowa. Ba na ja da ku a nan.

Inda na bambanta da ku shi ne ba duk labari ne ke hucewa ba, wani ma sai ya kwana bakwai yake nuna. A ce kwalbati ta karye a layinku, rediyo zai faɗa sau ɗaya a shirin safe, wani ya kira waya ya yi faɗa, gobe an wuce zuwa wani abu. Ita jaridar gari in tana da rai za ta buga wannan makon, mako mai zuwa ta je ta tambayi kansila, na gaba ta nemo ko an sa aikin a kasafin kuɗi da nawa aka sa, bayan wata uku ta sake ɗauko hoton wurin ta ce ga shi fa har yanzu. Wannan nacin shi ne aikinta. Kuma takarda tana ajiyuwa, in ɗan takara ya yi alkawari a dandali aka buga, bayan shekara huɗu za a iya zaro ta daga ƙarƙashin katifa a nuna masa, saƙon murya kuwa waya na cika an goge shi.

Ku duba lissafin nan Baba. Jiharmu ƙananan hukumomi 23 ne, mazaɓun kansila 255. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, an yi ta muhawara a kai a rediyo da talabijin, madalla, to amma ranar da kansiloli suka zauna a sakatariyar Kauru ko Kubau ko Sanga wa ke zuwa da biro ya rubuta abin da aka ce? Manyan jaridu galibi wakili ɗaya ko biyu gare su a jihar duka, suna cikin garin Kaduna, gidan gwamnati da majalisa da hedikwatar 'yan sanda sun ishe su aiki, ba za su hau mota zuwa Birnin Gwari don jin batun rufin aji ba sai in an yi rashin rayuka. Shi ya sa garuruwanmu da yawa duniya ba ta san sunansu ba sai ta hanyar musiba, alhali ana aure ana suna ana saukar karatu ana cin kofin ƙwallo a cikinsu kowane mako.

Akwai wani abu kuma da ku mutanen Kakuri kun fi ni saninsa. Da masaƙu na aiki, KTL da Arewa da UNTL, kowa da kowa ake cakuɗe a layin aiki da layin haya. Bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane suka yi ta ƙaura, garin ya kusa rabuwa biyu, wasu arewa da kogi wasu kudu, yau akwai saurayin da ya girma a Kawo bai taɓa sanin me ake ciki a Sabon Tasha ba sai abin da aka turo masa a guruf, na can ma haka, kuma abin da ake turowa ba kasafai yake zama alheri ba. Da a ce akwai ƙaramar jarida guda da ke buga ta'aziyyar wannan ɓangaren kusa da ta wancan, sakamakon makarantun nan da na can a shafi ɗaya, kukan rashin wuta na Barnawa kusa da na Badarawa, ai da ko ba komai mutum zai ga cewa taransifoma ba ta san addinin kowa ba in za ta ƙone. Ban ce takarda za ta gyara zukata ba, amma jita-jita ta fi samun wuri inda ba wanda aka sani da zuwa ya gani da idonsa ya sa sunansa a ƙasan abin da ya rubuta.

Sannan shi kansa makon ba banza ba ne. Rayuwarmu a kan mako take juyawa, Juma'a, Lahadi, kasuwar Kawo ran Talata, ta Makarfi ran Laraba. Mai abin saye da sayarwa yana son ya san yadda buhu ya tashi a kasuwar da ta wuce kafin ya ɗaura kaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni malamar makaranta ce, mu biyar ne muka haɗu ni da wasu malamai da wani mai shagon kwamfuta muna so mu fara 'yar jarida ta garinmu da ƙauyukan kewaye ko shafi huɗu ne, mun gaji da ganin ba a maganar mu, amma kowa muka faɗa wa sai ya ce asarar kuɗi za mu yi wai mutanenmu ba sa karatu, dan Allah a ba mu shawara ta gaskiya ko da ba za ta yi mana daɗi ba. Daga Saminaka.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Tunda kin ce ta gaskiya to ga ta: masu cewa za ku yi asara suna da hujja, amma ba hujjar da suka faɗa ba ce. Mutanenmu suna karatu, ki tsaya gaban teburin mai sayar da jarida a kan titin Ahmadu Bello a Kaduna ki ga yadda ake cincirindo, matsalar ita ce mutum ashirin su karanta ɗaya ya saya, ko ma ba wanda ya saya. Ga takarda kuma, masana'antar da aka gina don takardar jarida a Oku Iboku ta jihar Akwa Ibom ta daɗe da tsayawa, kusan duk abin da ake bugawa a kai daga waje yake zuwa, duk sanda dala ta motsa sai mai ɗab'i ya ƙara muku kuɗi. Tallar da ke riƙe da manyan jaridu ma ba za ta zo muku ba, misali sanarwar canjin suna, banki da ofisoshi jaridar ƙasa suke nema ba ta gari ba.

Saboda haka kar ku fara da tunanin kuɗin sayarwa zai riƙe ku. Ku fara da tambayar wa a Saminaka yake da abin da yake so a sani kuma zai iya biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba: mai sayar da taki da maganin feshi, makarantun kuɗi lokacin ɗaukar ɗalibai, mai kemis, masu gayyatar biki da walimar sauka, iyalan da ke son a buga godiya bayan rasuwa. Ƙanana da yawa sun fi babba guda ɗaya, domin ranar da ɗan siyasa ɗaya ya zama shi ke biyan kuɗin bugu to jaridar ta zama tasa ko ba a faɗa ba, kuma mutanen gari ba wawaye ba ne, fitowa biyu za su gane su daina ɗauka. Haka nan kuɗin mota da ake miƙa wa 'yan rahoto bayan taro, ku yanke shawara tun yanzu ku biyar ɗin, kafin a miƙo.

Abin da za ku sa a ciki kuwa, garinku garin masara ne, to farashin hatsi na kasuwarku da na kasuwannin kusa ya zama ba ya fashi, wannan kaɗai zai sa wanda bai damu da siyasa ba ya neme ku. Sai zaman majalisar ƙaramar hukumar Lere, sai asibiti da makarantu, sai ƙwallon matasa, sai wasiƙun masu karatu, kar ku raina wannan shafin don tun zamanin Gaskiya mutane na son ganin sunansu da na ƙauyensu a buge. Ku sa sunayen mutane daidai, ku sa hotuna. Kuma yankinku ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Kurama da sauran ƙabilu, akwai masallaci akwai coci, in jaridar ta zama ta ɓangare ɗaya kun rage kasuwarku da hannunku kun kuma ɓata dalilin yin ta. Hausa ta zama ginshiƙi tunda ita kowa ke ji a kasuwa, ku ɗan tsarma Turanci inda ya kama.

Ta fuskar rabawa ku bi ranakun kasuwa da direbobin da ke zirga-zirga ƙauyuka, ku ajiye a shagunan caji da wurin mai shayi, ku liƙa ɗaya a allon makaranta. Mai shagon kwamfutar naku ya riƙa tura ta a WhatsApp washegarin fitowa saboda 'yan garin da ke Kaduna da Abuja da Legas, su ne ma za su fi saurin tallafa muku don kewar gida na damunsu, ɗaya daga cikinku kuma ya karanta manyan labaran da murya a tura wa waɗanda ba su yi boko ba. In mako-mako ya yi muku nauyi ku fara da sau biyu a wata, amma ranar da kuka sa ta zama ranar, gara shafi biyu a kan lokaci da takwas da ba a san ranar zuwansu ba.

Ku yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, ku nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar jaridu da mujallu, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, ku karanta ta ku san yadda ake rubuta takardar neman bayani. Abu na ƙarshe wanda ya fi duka, a ƙaramin gari wanda kuka rubuta a kansa za ku haɗu da shi a jana'iza gobe, wataƙila ma surukin ɗayanku ne, to duk zargin da ba ku ji ta bakin wanda ake zargi ba kar ya shiga, ƙarar ɓata suna guda ɗaya ta isa ta rufe ku.

TAMBAYA: Malam kakana ya ce an taɓa buga wasiƙarsa a Gaskiya Ta Fi Kwabo kafin a samu 'yancin kai, ina so in nemo masa ita ya gani da idonsa, ina zan dosa? Daga Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Allah ya yi maka albarka da wannan tunani. Tunda kana Zariya fara da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. In ba a dace ba ka shigo Kaduna, akwai Gidan Arewa a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, akwai kuma Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a titin Yakubu Gowon, duk suna ajiye tsofaffin jaridu. Kafin ka taso ka zauna da tsohon ka lallaɓa shi ya tuno abin da ya faru a shekarar, wane sarki ke kan gado, an yi zaɓe ko ba a yi ba, da rani ne ko da damina, da sunan da ya sa a ƙasan wasiƙar don da yawa a lokacin da sunan garinsu suke rubutawa ba na mahaifi ba. Ka tafi da katin shaida, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto da waya, kuma ka buɗe shafukan a hankali don takardar ta tsufa tana karyewa.